Ka sayi tsohuwar BMW mai gudu a karon farko? Ga ta inda zaka fara gyara

Duk saurayin da ya taso da son mota a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san ƙarar injin BMW mai silinda shida, kuma yanzu da motocin nan suka kwana biyu kuɗinsu ya sauko sosai, har ta kai wanda ya fito neman Corolla zai iya cin karo da 330i a kuɗin da bai kai na Corollar ba, daga nan sai zuciya ta fara raya masa ai gara ya ɗauki mai ƙarfin. Ni dai bazan ce maka kar ka ɗauka ba, dan wallahi motoci ne masu daɗin tuƙi kuma ina ƙaunarsu, amma in har wannan ce motarka ta farko mai gudu kuma ta zo da gyara a jikinta, to akwai abin da ake fara taɓawa akwai wanda ake bari sai daga baya, kuma mafi yawan waɗanda zaka ga motarsu a ajiye a gareji ta yi ƙura taya ta sace, jerin nan suka juya. Sun fara da rim da salansa da tintak, suka bar lagireto.

Zan yi maganar ne a kan E46, wato 3 Series ɗin da aka ƙera daga 1998 zuwa 2006, musamman 325i da 330i masu injin M54 da ya fara fitowa a 2000. Ita 330i lita 3 ce, ƙarfin doki 231, mai giyar hannu tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa shida da rabi lokacin tana sabuwa. Ƙarfen injin na da ƙwari sosai, kaca ce ke juya shi ba bel ba, matsalar ita ce duk abin da ke kewaye da ƙarfen roba ne da filastik, kuma autarsu ma yau ta yi wajen shekara ashirin tana shan zafi. In kuma idonka na kan ƙanwarta E90 335i mai turbo biyu, injin N54, shawarata ka haƙura da ita a matsayin motar farko, famfon manta mai matsi da injektocinta da turbo ɗin kansu kowanne gyaransa zai iya cinye albashin watanni, ka fara koyo da wacce ba turbo.

Maganar kuɗi tukunna. Kar ka taɓa zuba duk abin da ke hannunka a sayen motar. In kana da kuɗi kaza, ka nemi motar da bata wuce kashi biyu cikin uku na kuɗin ba, ragowar kashi ɗayan ka ɓoye shi na gyaran farko ne, ba na biki bane ba na canza fenti ba. Sannan ka yi lissafin mai da gaske, tankinta lita 63 ne, kuma ko a takardar kamfani 330i na shan kusan lita 13 a kilomita 100 cikin gari, ina ga an haɗa da go-sulo da AC da ƙafar saurayi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yanda gidan mai ya koma. Idan cika tanki sau ɗaya zai sa cefanen gida ya girgiza, to lokacin motar bai yi ba, ba abin kunya bane.

Idan baka biya ba tukunna, ka ce wa dillali da sassafe zaka zo kuma kar kowa ya tada motar kafin ka iso. Ka sa hannu a kan injin ka ji ko da sanyi, dan inji mai ɗumi yana ɓoye abubuwa da yawa. Ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa gaba ɗaya ba tare da ka tada ba, ka tabbatar fitilar inji da ta ABS da ta jakar iska duk sun kama sannan su mutu bayan ta tashi, wacce bata kama ba tun farko to cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta. Ka je da makanikenka, ba na mai motar ba, a saka mata kwamfuta a karanta duk abin da ke ciki. Lambar VIN, wato lambar shasi, haruffa da lambobi guda 17 ce, tana jikin gilashin gaba ta ƙasa da kuma jikin motar, ka haɗa ta da ta takardu, in motar daga Amurka ta zo ka biya a duba maka tarihinta a shafin Carfax, da yawa daga gwanjon Copart ko IAAI aka sayo su kuma hotunan yanda suke kafin a gyara suna nan a intanet. Wacce ta yi hatsari kaɗan ana iya zama da ita, amma wacce ambaliya ta shanye ka gudu, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙasan kujeru ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa. Kilomitar da ke dashbod kuwa kar ka ɗora komai a kanta, ka duba yanda sitiyari da fedar birki da kujerar direba suka cinye, su ne basa ƙarya. Haka wacce aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, barta kawai.

Takardu kuma kar ka ɗauke su wasa dan kana zumuɗi: takardar kwastan ta asali, shaidar mallaka, yarjejeniyar ciniki da shaidu suka sa hannu, sannan ka je a mayar da sunanka. Inshorar nan ta dole ta ƙananan motoci naira 15,000 ce tun daga Janairun 2023, ka yi ta gaske a kamfanin inshora.

To yanzu mota ta shigo gida. Abu na farko, kuma shine wanda nake so ka riƙe ko da ka manta sauran, shine ruwa. Injin M54 gaba ɗayansa alminiyom ne, daga bulok har top silinda, kuma alminiyom baya yafe zafi. Tsohuwar Peugeot zata yi oba hitin ka tsaya ka zuba ruwa ka ci gaba da tafiya, wannan kuwa sau ɗaya allura ta shiga ja ka ƙara tafiyar minti biyu, top ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, wani lokacin ma zaren da kusoshin top ke kamawa a cikin bulok ya zare, kaga ko an sa sabon gasket bazai ɗauru ba sai an yi aikin zare ko a nemi wani injin. Kuma duk kayan da ke riƙe ruwan filastik ne: tankin ruwan da ke gefen lagireto yana tsagewa, wuyan lagireton na sama yana karyewa, gidan tamostat filastik ne, famfon ruwan ma wasu fankarsa ta ciki filastik ce, ga bututai biyu masu tauri a ƙarƙashin manifol da ba a ganinsu sai an kwance. Motar da aka ƙera dan sanyin Jamus ce ka kawo ta inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40.

Dan haka in baka da tabbacin yaushe aka canza su, kar ka jira su lalace ɗaya bayan ɗaya, ka canza su a tare: tankin ruwa da murfinsa, tamostat, famfon ruwa, tiyo na sama da na ƙasa, fanbel da fulolinsa, lagireto in ya nuna alamar tsufa. In motarka otomatik ce akwai fanka mai kuloci a gaban injin, a duba fukafukanta ko sun tsattsage, dan idan ta tarwatse tana fasa lagireto har bonet tana lotsawa. Fankar lantarkin ma a tabbatar tana tashi in an kunna AC. Na san kuɗi ne a dunƙule, amma ya fi sayen wani injin sauƙi.

A nan ne zaka fara samun saɓani da wasu masu gyara, kuma ka shirya. Za a ce maka a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa koyaushe. Kar ka yarda. An tsara injin ne ya yi aiki a zafin kusan 90 zuwa 100, in aka cire tamostat zai riƙa yawo a sanyi, kwamfutar motar ta riƙa ƙara masa mai, shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, fetur ya riƙa wanke bangon silinda, kuma ainihin abin da ya jawo zafin yana nan ba a gyara ba an dai rufe shi ne. Sannan ruwan rijiya ko na famfo zalla ba ruwan lagireto bane, yana barin gishiri da tsatsa a ciki, ka sayi kulan mai kyau irin shuɗin nan da BMW ke amfani da shi a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, tana cin lita 8 da ɗoriya. Bayan an zuba dole a fitar da iska, akwai ɗan sukurun filastik a saman inda tiyo ke haɗuwa da tankin, ana kunna hita a kan mafi zafi a sassauta shi har ruwa ya fito ba kumfa, a ɗaure a hankali dan shima yana karyewa. Kuma kar ka taɓa buɗe murfin tankin injin na da zafi, matsin da ke ciki zai watsa maka tafasasshen ruwa a fuska.

Wani abu da masu sabuwar E46 basu sani ba, allurar zafin nan da kake gani a tsakiya ba gaskiya take faɗa maka duka ba, an saita ta ta tsaya cak a tsakiya tun daga kusan digiri 75 har zuwa wajen 115, kenan duk lokacin da ka ga ta motsa zuwa dama an riga an yi nisa. Akwai ɓoyayyen menu a dashbod da ake shiga da maɓallin goge kilomita, a buɗe shi a lamba 19 sannan a je lamba 7, zai nuna maka zafin ruwan da lamba, ka koyi shiga, ko kuma ka sayi ƙaramar na'urar OBD, wacce ake soka wa mota tana karanta kwamfutarta, ka haɗa da wayarka. In allura ta tashi, gefen titi kawai, kashe inji, kira janwe. Ba "bari in ƙarasa gida ga shi can" a wannan motar.

In kana zargin an riga an ƙona gasket kafin ka saya, alamun su ne ruwa na raguwa ba tare da ka ga yoyo ba, tiyon sama ya yi tauri kamar dutse jim kaɗan da tada sanyin inji, farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. A auna matsin silinda shidan, akwai kuma ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin tankin wanda ke komawa rawaya in hayaƙin inji na shiga ruwa. Gara ka sani tun kafin ka kashe kuɗi a wani wajen.

Bayan ruwa sai baƙin mai. Ka ɗauka ba a taɓa yin juye ba, duk abin da mai motar ya faɗa maka. Tana cin lita 6.5, kuma mai irin sintetik (synthetic) take so, 5W-30 ko 5W-40 wanda aka rubuta BMW Longlife-01 a jikin galan ɗin, ni a zafinmu na fi son 5W-40. Kar a zuba maka 20W-50 da sunan inji ya tsufa, dan akwai na'urar VANOS da ke juya lokacin buɗe bawul kuma da matsin mai take aiki ta ƙananan hanyoyi, mai kauri baya isa da wuri da safe. Ka sayi man a wajen da ka yarda da shi dan jabun mai ya yi yawa, filta kuma Mann ko Mahle, a canza har da zoben robar da ke zuwa a kwalin. Tazarar juye mai tsawo da dashbod ke nunawa ta Turai ce, da ƙurar hunturu da go-sulonmu ni bana wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000. Kuma M54 an san shi da shan baƙin mai ko lafiyarsa ƙalau, ka saba da zaro sandar awo duk sati, ka ajiye lita ɗaya a but.

Man giya ma haka, kamfani ya ce wai na har abada ne, to shekara ashirin ta wuce wannan maganar. Sai dai ka sani otomatik ɗin E46 iri biyu ne, akwai na ZF akwai na GM, kuma man da suke ci ba ɗaya bane, a leƙa ƙasa a karanta tambarin da ke jikin giyabos ɗin kafin a sayo. A sauke faranti a canza filta a zuba sabo, banda wankin injin matsi. Man diferenshal, man sitiyari, filtar fetur da ke ƙarƙashin mota, filtar iska, fulogi shida na NGK ko Bosch, duk a wuce su a zagaye ɗaya ka rubuta rana da kilomita a littafi. Littafin nan ka riƙe shi da kyau, ranar da zaka sayar ma shi zai ƙara mata daraja.

Yoyon mai kusan dole ka samu. In kana jin ƙaurin mai bayan tafiya, gasket ɗin murfin saman inji ne ke ɗiga a kan salansa. In gefen hagun injin ya jiƙe wajen altaneta, gasket ɗin gidan filtar mai ne, robar bata da tsada aikin ne ke da ɗan tsawo, kuma kar ka bar shi dan man na lalata bel. A wanke injin da hannu a hankali, banda fesa ruwan matsi a kan wayoyi, sai a ga daga ina yake fitowa, kar a bi ko'ina a shafe da gam.

Sai matsalar iska, wacce ke sa mutane kashe kuɗi a banza. Mota na rawa a tsaye, fitilar inji ta kama, kwamfuta ta nuna lambobin matsala P0171 da P0174, sai ka ji an ce a canza injekta ko famfon mai ko ma birenbos. Mafi yawan lokaci robar nan ce mai lanƙwasa da ke kai iska daga filta zuwa inji ta tsage ta ƙasa inda ido baya gani, ko tiyoyin CCV, na'urar da ke zuƙe tururin baƙin mai daga cikin inji, da ke ƙarƙashin manifol sun ruɓe. Gwaji mai sauƙi, injin na aiki ka buɗe murfin zuba baƙin mai, in ka ji yana zuƙa da ƙarfi har murfin na gardamar fitowa to CCV ta tafi. Akwai kuma DISA, 'yar na'ura mai faifai da ke sarrafa iskar da ke shiga inji, a jikin manifol, sukuru biyu ke riƙe ta, a zaro a taɓa faifan, in yana lilo a gyara ko a canza tun kafin ƙusarsa ta faɗa cikin inji. In kuma motar bata da kuzari a ƙasa sai ta wuce 3,000 take farkawa, zoben robar VANOS ne suka saki, ana sayar da su daban ba sai an sayi na'urar gaba ɗaya ba. Duk waɗannan in aka gyara sai ka ji kamar an canza maka mota, kuma wannan ƙarfin da ma nata ne, ya fi duk wani abu da za a ce a ɗora mata. Ka kuma sa a duba ko indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, na nan, dan ana yawan cire shi a sayar kafin mota ta iso hannun mai saye.

Fetur kuwa a gidan mai da ka sani kawai, banda na 'yan bumburutu sai dole ta kama, kuma kar ka saba yawo da fitilar mai a kunne, famfon yana cikin tanki ƙarƙashin kujerar baya kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi.

Yanzu abin da ke tsare ranka. Motar da ke iya wuce 200 birkinta da tayoyinta sun fi injinta muhimmanci. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2316 to sati na 23 ne na 2016, wannan tayar ko zanenta na nan fes ta gama aiki, kwaltar rana zata fasa ta. Da ka sa rim mai inci 19 da tayar gwanjo gara ka bar rim ɗinta na asali ka sa sababbin tayoyi huɗu, ramukanmu ma basa barin siririyar taya ta yi kwana. Man birki DOT 4 ne, yana shan danshi, duk shekara biyu ake zubar da shi a sa sabo. A duba faifan birki da takalmansa da tiyoyin roba. In kana taka birki sitiyari na rawa ko ka ji ƙafar gaba ta yi baya, bushin ɗin hannun ƙafar gaba ne, ciwon E46 ne da kowa ya sani, a sa na kamfanin Lemförder in da hali sannan a yi alaimen. Bushin ɗin baya, shokozoba, sifirin ɗin baya da ke karyewa ta ƙasa, robar firofela da borin ɗin tsakiya, duk a ɗaga mota a duba su da fitila.

Tunda an ɗaga ta, ka sa a kalli inda gadar ƙafar baya ke ɗaure da jikin motar. E46 na da rauni a nan, ƙarfen yana tsagewa musamman in an sha wasa da ita, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwarmu an sha. Alamar ita ce ƙarar "ƙwas" daga baya in ka taka totur ko ka saki. Gyaran sai an sauke gadar an yi walda da farantan ƙarfafawa, kuma kusa da tankin mai ne, ba aikin da zaka ba kowane mai walda bane.

Akwai kuma maganar jakar iska ta kamfanin Takata, wacce zafi da danshi ke lalata sinadarin cikinta har ta fashe ta watso ƙarfe. E46 na cikin motocin da abin ya shafa, har a 2023 BMW ta ce wa masu irin waɗanda ba a gyara ba a Amurka su daina tuƙa su. Ka saka VIN ɗinka a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, inda ake duba motocin da kamfani ya kira dan a gyara, in motar ta Amurka ce, ka ga ko an canza kafin a turo ta, in ba a canza ba ka nemi yanda za a yi, wannan ba abin a bari sai wata rana bane.

Duk wannan bayanin bazai yi amfani ba in baka dace da mai gyara ba. Ka nemi wanda BMW ce sana'arsa, ka je garejinsa ka ga motocin da ke wajen, ka ga ko yana da kwamfutar da ke karanta BMW sosai irin INPA ko ISTA, ka ga ko yana da sifanar auna ɗauri dan kusoshi a alminiyom ba a ɗaure su da ƙarfin tuwo. Masu irin motar su zaka tambaya, in ka ga mai E46 mai tsafta a gidan mai ka yi masa sallama ka ce ranka ya daɗe wa ke duba maka, yawanci da murna za su faɗa maka. In ka same shi ka girmama shi, ka kira shi oga ko malam yanda ake kiransa a wajen, ka biya haƙƙinsa ba ja-in-ja, amma ka tsaya a wajen ana aikin musamman a farko, ka yi tambaya, ka ce a nuna maka tsohon kayan da aka cire. Mai gyaran kirki baya jin haushin wannan. Wanda kuma tun kafin ya sa kwamfuta ya ce a sayo kaza, ko ya ɗauko almakashi zai yanke waya ya yi haɗin kai tsaye, ka ɗauke motarka cikin mutunci.

Kayan gyara ana samu, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, in abu ya yi wuya a aiko daga Ladipo a Legas. Dabarar ita ce ka san lambar kayan kafin ka tafi, akwai shafin RealOEM da zaka saka lambobi bakwai na ƙarshen VIN ya fito maka da zanen kowane sashe da lambarsa, sai ka daina sayen abu da "ai iri ɗaya ne". Sannan ka bambance abin da ake saya na Beljiyam da wanda dole sabo. Ƙofa, fitila, altaneta, kik, giyabos, rim, waɗannan na Beljiyam sun wadatar, sau da yawa ma sun fi sabon jabu. Amma duk abin da yake roba ko filastik, da famfon ruwa da tamostat da kayan birki, sabo kawai, dan na Beljiyam ɗin sa'an wanda ka cire ne. Sensa kuma, musamman ta kamshaf da kiranshaf da ta auna iska, ko ta asali ko ka bar tsohuwar, araha bata ado a nan.

Ƙananan abubuwan lantarki zasu riƙa tasowa, kar su tada maka hankali. Gilashin ƙofa zai faɗa ciki wata rana, injin ɗaga shi ne. Batir yana but ta dama, ka riƙa leƙawa ko ruwa ya taru a ramin. In batir na mutuwa cikin dare kuma fankar AC na yin yanda ta ga dama, akwai wata 'yar na'ura mai ƙayoyi a bayan dashbod da ke jawo haka. Waɗannan duk suna iya jira, kar su cinye kuɗin birki.

Sai tuƙin kansa, kuma a nan ina roƙonka. Wannan motar da ƙafar baya take ja, in ka saba da Golf ko Corolla ko Civic hannunka bai san abin da zata yi ba in ka taka totur a kwana, bayanta ne zai fita, kuma kafin ka gane ka juya kana kallon inda ka fito. Maɓallin DSC ɗin nan, na na'urar da ke hana mota zamewa, ka bar shi a kunne, in kuma fitilarsa na kunne koyaushe a gyara, sau da yawa sensar ƙafa ce kawai. Ruwan farko na damina shine mafi hatsari dan ƙura da mai sun kwanta a kwalta. Wasan mota a ɗaurin aure ko cikin unguwa inda yara ke tsaye a gefe suna kallo, dan Allah kar ka shiga, rai ake rasawa kuma ba a dawo da shi. In kana son koyon juya ta, ka nemi fili a killace ba mutane, tare da wanda ya iya, da bel a ɗaure. Da safe kar ka wuce 3,000 sai inji ya ɗau zafi. In titi ya cika da ruwa ka juya, in inji ya zuƙi ruwa ya buga kenan. Tudun rage gudu kuma a karkace ake hawansa a hankali, kaskon man da ke ƙasa alminiyom ne, fashewa yake baya lotsewa.

Idan an gama zagayen farko kar ka ɗauki hanyar Abuja washegari. Ka yi sati biyu kana yawo cikin gari da lambar zafin nan a buɗe a dashbod, kullum da safe kafin ka tada ka duba ruwa da mai ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Sannan ka gwada gajeriyar tafiya, in kana Kano kamar zuwa Wudil ka dawo, in ba abin da ya motsa sai ka ƙara zuwa Zariya. A but ka ajiye galan ɗin kulan da aka riga aka haɗa, litar baƙin mai, fanbel, kwayil guda ɗaya, fiyus, safaya mai iska da jak, da lambar mai janwe a wayarka. Maganar salansa mai ƙara ko sauke mota ko taɓa kwamfutarta kuwa, ka bari sai ta yi juye biyu a hannunka ba tare da ka ƙara mata ruwa ko kofi ɗaya ba, sannan ku zauna da mai gyaranka ku yi wannan hirar.